Fad ɗin wanki, kofin al'ada ko ƙunzugu: wanne za ki haɗa wa 'yarki 'yar makaranta a Zariya?

Duk sanda aka kusa komawa makaranta bayan hutu sai iyaye mata sun tare ni da maganar nan, wata a gidan suna, wata a bakin get, akwai ma wadda muka shiga Keke ɗaya da ita daga Kwangila zuwa Sabon Gari ta matso ta rage murya tace Malama dan Allah wai fad ɗin nan da ake wankewa a sake sawa yana da kyau kuwa, ko dai na daure na ci gaba da siyan na leda? Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Zariya, kuma ina da 'yan mata uku da suka fara al'ada, biyu nawa ɗaya 'yar yayata da nake riƙo, to kinga duk ƙarshen wata lissafin nan a kaina yake ƙarewa. Shi yasa nace bari na zauna na rubuta abin da na gani da idona da wanda muka gwada a gida, kowacce ta duba halin da 'yarta take ciki ta zaɓa mata.

Abin da ya fara tayar min da hankali wata ɗalibata ce 'yar SS1, yarinya mai kai sosai, in ana lissafi ita ke fara ɗaga hannu, sai na lura a rajista duk wata akwai kwana biyu ko uku da ba ta zuwa, kuma kusan lokaci ɗaya ne. Ranar da na gane dalili an tashi kowa ya watse ita tana zaune a benci ta ƙi motsi, nace ke lafiya kuwa, ta sunkuyar da kai tace Malama ina fashin salla ne kuma ya ɓata min siket har da hijabi. Tsumma ta sa tun ƙarfe 7 na safe, babu na canji a jakarta, ko da akwai ma bata san inda za ta sa wanda ta cire ba. Na ba ta zanen da nake salla da shi ta ɗaura na raka ta ta hau Keke. Da na tambaye ta daga baya ko Babansu ya sani tace haba Malama ai ba zan iya faɗa masa ba, Mama in ta samu tana siya mana in babu sai tsumma. Ki lissafa, kwana 2 a wata, wata 9 na karatu, kwana 18 kenan a shekara, kusan wata guda na darasi ya tafi, kuma jarabawar WAEC da NECO ba ruwansu da wannan, ranar da aka sa ita ce rana.

Bari na fara da na leda tunda shi kowa ta sani, da shi za a auna sauran. Gaskiya babu wanda ya kai shi sauƙi, ki sa ki cire ki yar, baya neman igiyar shanya baya neman rana. Kuɗinsa ne ciwon. Yarinya mai yin kwana 5 in za ta canza yadda ya kamata sau 3 ko 4 a rana za ta ci guda 15 zuwa 20, fakiti kuma yawanci guda 7 ne ko 8 ko 10 a ciki, fakiti 2 kenan a wata, 24 a shekara, daga JSS1 zuwa SS3 fakiti 144 ga yarinya ɗaya tak. A gidana mu huɗu ne har da ni, fakiti 8 duk wata. Ki tambayi mai shagon layinku nawa yake ba da fakiti yau ki ninka da kanki. Kuma tsadar nan ba daga sama ta faɗo ba, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 naira kuma ta faɗi komai ya tashi, kamfanin P&G mai yin Always ya sanar a Disambar 2023 cewa ya daina sarrafa kaya a Najeriya sai dai ya riƙa shigowa da su daga waje, Kimberly-Clark mai Kotex shi ma ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a 2024. Gwamnati ta cire harajin VAT a kan audugar mata da ake yi a cikin gida tun farkon 2020 amma mu masu siya a shago bamu ji sauƙin a hannu ba, tunda kayan haɗa ta ma da dala ake shigo da su. Sakamakon shi ne yarinya ta sa guda ɗaya tun safe har dare don fakitin ya kai ta, daga nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari, ta kasa sakin jiki a aji. Wanda ya fi ban tsoro ma shi ne yarinyar da za ta fara karɓar kuɗi a hannun saurayi ko wani babba a unguwa saboda abin da ya kamata ace a cikin cefanen gida yake, mun san inda irin wannan karɓar take kaiwa.

Akwai kuma maganar yarwa. Yana cika shadda da wuri don leda bata ruɓewa, a bayin zamani kuma toshewa yake yi. Mu nan yawancinmu ma ba ma yar da shi haka nan, sai mun wanke jinin tas mun naɗe a baƙar leda saboda yadda aka tarbiyyantar da mu da tsoron kada wani ya tsinta ya yi mugun abu da shi. To kinga wankin jini ba baƙon abu bane a wajenmu, dama muna yi, bambancin kawai shi ne wancan kina wankewa ki yar da kuɗinki, wannan kina wankewa ki shanya ki adana.

Kafin ki siya komai na wanki sai kin fara duba abu uku a rayuwar ita yarinyar, ruwan da za ta samu, inda za ta shanya rana ta duka, da irin bayin makarantarsu. Ni a ganina waɗannan su ke yanke hukunci ba kyan abin a hoton masu talla ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, gidan da ke da rijiya ko bohol a Samaru ko Hanwa daban yake da gidan haya a Tudun Wada ko cikin Birni inda sai an tsayar da mai kura an sayi jarka, kuma tsakar gida ɗaya ce da maƙwabta maza suna wucewa.

Ƙunzugu dai shi iyayenmu da kakanninmu suka yi amfani da shi suka rayu lafiya, kuma bana jin daɗin yadda wasu masu wayar da kai suke magana kamar duk mai sa tsumma ƙazama ce. Tsohon zanen atamfa na auduga da ya sha wanki ya yi laushi yana tsotse jini sosai, kuma ko kwabo ba a kashe ba. Inda yake ba da matsala wuri biyu ne. Na farko baya zama, in yarinya ta yi tafiya daga Gyallesu zuwa makaranta a ƙafa sai ya goce gefe ko ya dunƙule, kuma babu abin da zai tare jinin daga ƙasa, shi ya faru da ɗalibar nan tawa. Na biyu shanya, saboda kunya ake cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa da danshinsa, ya yi funfuna ya yi wari a sake ɗaukowa a sa, nan ciwo yake shiga. In ƙunzugun ne kawai da hali a gidan, to a zaɓi auduga zalla, banda leshi banda yadi mai santsi, kuma dan girman Allah banda soson katifa da takarda da tishu, na ga yaran da suke sawa kuma yana yi musu illa. A yanka guda 8 zuwa 10 a ware wa kowacce yarinya nata, ba a haɗawa ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne, a siya mata kamfai mai kama jiki guda uku don ya riƙe.

Sai fad ɗin wanki wanda aka ɗinka, shi ne aka fi tambayata. Siffarsa irin ta na leda ce har da fukafukai, sai dai maimakon gam maɓalli ne ake ɓallawa a ƙarƙashin kamfai. Hawa uku ne, na sama yadin auduga mai laushi da zai taɓa jiki, na tsakiya tawul ko wani yadi mai tsotso ninki biyu ko uku, na ƙasa kuma yadin nan mai hana ruwa wucewa irin wanda ake shimfiɗa wa jarirai saboda fitsari. In za ki siya ki juya bayansa ki duba wannan hawan na ƙasa, in babu shi to ƙunzugu ne kawai aka yi wa ado. Akwai na kamfani, sanannen cikinsu a Afirka shi ne AFRIpads da ake yi a Uganda, akwai kuma wanda mata teloli suke ɗinkawa a nan gida wasu ma ƙungiyoyi ne suka koya musu. Mai kyau in ana kula da shi yana shekara ɗaya zuwa biyu. Yarinya tana buƙatar guda 6 zuwa 8, biyu daga ciki dogaye na kwana, don yayin da wasu ke kan igiya wasu na jiki wasu na jaka. Kuɗin farko ne yake da nauyi tunda lokaci ɗaya za ki fitar, amma in kika haɗa kuɗin fakiti 2 na wata huɗu ko biyar yawanci ya fanshe, sauran watannin kin huta. Ni da adashi na haɗa na 'yan matana, ɗaya bayan ɗaya, ban iya yi musu lokaci guda ba.

Abin da yarana suka fara faɗa min shi ne baya sa zafi da gumi kamar na leda, a watan Afrilu lokacin da Zariya take ɗaukar zafi wannan ba ƙaramin abu bane, kuma ƙurajen nan na gefen cinya da ƙaramar take fama da su sun daina fitowa. Abin da suka ƙi so shi ne ya fi kauri, satin farko babbar ta riƙa tambayata Mama ana gani ta baya, ba a gani musamman da dogon hijabi amma sai da ta saba.

Yanzu maganar wanki, nan ne ake cin riba nan ne kuma ake faɗuwa. In an cire a jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 30, kada a kuskura a sa ruwan zafi don zafi dafa jinin yake ya kama yadin ya bar tabo har abada. Ɗan gishiri a ruwan jiƙon yana taimakawa. Daga nan a murje da sabulun wanki na sanda a ɗauraye sosai har ruwan ya fita fari, don ragowar omo a jikin yadin shi ke kawo ƙaiƙayi. Banda Hypo da Jik, suna cinye yadin suna kuma ƙona fata, banda fesa turare ko turara shi, wajen baya son haka. Ruwan da ake ci a rana bai kai rabin bokiti ba in an tara na yini an wanke sau ɗaya, amma a gidan da ake sayen jarka rabin bokitin nan ma lissafi ne, ki sa shi cikin kuɗin. Sannan shanya, dole a rana, dole ya bushe ƙayau har cikinsa. Da hunturu da bazara babu matsala awa kaɗan ya bushe, sai dai ƙurar hunturu a kakkaɓe. Damina ce gwajin, musamman markar Agusta da ake kwana biyu uku ba a ga rana ba, mai kaurin nan sai ya kwana biyu yana da danshi a ciki ko da samansa ya bushe. Mu abin da muke yi shi ne a bi shi da dutsen guga ta gefen auduga, banda gefen ledar don narkewa za ta yi.

Kunyar shanyawa kuma ita ce babbar abokiyar gaba. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce a shanya a lulluɓa tsohon mayafi shara-shara a kai, rana da iska suna ratsawa ido baya gani. Kuma ina tuna wa yarana hadisin Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar da ke Bukhari da Muslim, wata mata ta tambayi Manzon Allah SAW game da jinin haila in ya taɓa tufa, ya ce ta kankare shi ta murje da ruwa ta ɗauraye sannan ta yi salla da shi. Najasa ce da ruwa ke gusarwa, in an wanke ya tsarkaka, to me zai sa a ɓoye shi a duhu da danshi har ya zama cuta.

Akwai wani nau'i na fad ɗin wanki da ni dai shi na fi so ga 'yar makaranta, kuma ba kowa ta san shi ba. Shi kashi biyu ne. Akwai gidan, wato mai fukafukai da maɓalli da ledar ƙasa, da ɗan aljihu gaba da baya, sai kuma ƙyallen ciki mai kusurwa huɗu kamar hankici da ake ninkewa uku a zura a aljihun. Ƙungiyar Days for Girls da ta fara aiki a Kenya a 2008 irin wannan take rabawa. Amfaninsa ki ga, in lokacin canji ya yi a makaranta ƙyallen kawai za ta zare ta sa wani, ranar da jini ya yi yawa ta haɗa biyu, in an wanke aka warware shi falle ɗaya ne don haka ko da damina yana bushewa da wuri, kuma a kan igiya hankici kawai mutum zai gani, ko ƙanenta ya wuce bai san ko mene ne ba. Ƙunzugun iyayenmu ne aka gyara masa wuraren da yake da rauni. Na zana wa wata tela a unguwarmu a takarda, na sayo yadin a kasuwar Sabon Gari, ta ɗinka gida 2 da ƙyalle 8 ga kowacce yarinya, kuma ya fi na kamfani araha nesa ba kusa ba. In za ki bayar a ɗinka ki zaɓi yadi mai duhu ko mai zane don tabo kada ya riƙa nunawa, ki wanke shi kafin a yanka saboda yana ɗan tsukewa.

Kowanne daga cikin biyun nan sai da 'yar jaka mai zif wadda ruwa baya ratsawa, a nan za ta naɗe wanda ta cire ta dawo da shi gida. In babu jakar nan yarinya ba za ta canza a makaranta ba, za ta zauna da shi har a tashi, an koma gidan jiya.

To sai kofin al'ada, wanda in ana maganar kuɗi zalla babu na biyunsa. Ɗan ƙaramin kofi ne mai laushi na silikon irin wanda ake kayan asibiti da shi, ana naɗe shi a tura cikin gaba sai ya buɗe ya manne ya riƙa tara jinin maimakon tsotsewa. Yana ɗaukar kamar mililita 20 zuwa 30, alhali jinin da mace ke zubarwa a al'ada ɗaya gaba ɗaya yawanci 30 zuwa 40 ne, shi yasa ake iya barinsa awa 8 har zuwa 12 in jinin ba mai yawa bane. Ma'ana ta sa da asuba ta je makaranta ta dawo bata shiga bayin makaranta don canji ba sam. Guda ɗaya mai kyau yana iya kaiwa shekara 10. Ruwan buta ɗaya ya isa ɗauraye shi, babu shanya babu damina babu idon maƙwabta, in al'ada ta ɗauke a tafasa shi minti 5 zuwa 10 a wata 'yar tukunya da aka ware masa, a adana a jakar yadi. Kuma ba sabon abu bane, tun 1937 wata Ba'amurkiya Leona Chalmers ta yi masa rajista. A 2019 mujallar likitoci The Lancet Public Health ta fitar da nazarin da ya tattara bincike 43, aka ga yoyonsa bai fi na fad ba, baya ƙara kawo ciwon sanyi, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka gwada sun ce za su ci gaba da shi. A yammacin Kenya an gwada shi da 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 16 ya yi aiki, amma fa da nas-nas da suke koya musu suna bibiyarsu, kuma sai da aka ɗauki watanni kafin yawancinsu suka saba.

Ni da kaina shi nake amfani da shi yanzu kuma na ji daɗinsa, amma sai a wata na uku hannuna ya faɗa, ni da na haihu. Duk da haka ban ba 'yan matana ba, kuma ba zan ce wa wata uwa ta tilasta wa 'yarta ba. Dalili shi ne gaskiyar da masu talla suke tsallakewa, abu ne da ake turawa ciki, yana iya miƙar da tantanin budurci ko ya ɓarka shi. Likitoci za su ce miki tantanin nan halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace kuma ba shi ke nuna tarbiyyar yarinya ba, na yarda da wannan, amma mu mun san garin da muke ciki da maganar da ake yi bayan daren farko, kuma yarinyar ce za ta ɗauki nauyin zargin ba mai sayar da kofin ba. Ga tsoro, yarinya 'yar 13 da ko sunan wajen bata iya faɗa in jikinta ya ɗaure don fargaba zafi za ta ji. Sannan yana son hannu mai tsafta da sabulu kafin a sa da kafin a cire, a bayin da babu ruwa ba zai yiwu ba, a shadda kuma in ya suɓuce ya tafi kenan. Don haka a wajena kofi na matar aure ne, da ɗalibar ABU ko Jami'ar Ilimi (tsohuwar FCE) ko Nuhu Bamalli da ta mallaki hankalinta ta karanta ta zaɓa da kanta. Uwa in ta koma kofi ma ta rage wa gidan fakiti 2 duk wata, wannan kuɗin sai ya tafi wajen yaran. Mai robar tsarin iyali a mahaifa ta fara tambayar likita, mai jinin biƙi kada ta sa, wajen cirewa a matsa gindinsa iskar ta saki kafin a jawo, kada a wuce awa 12, kuma a guji na arahar banza da ba a san da me aka yi shi ba, araha bata ado musamman abin da zai zauna a cikin jiki.

Wandon al'ada, wato kamfan da aka ɗinka da abin tsotso a jikinsa, ba zan daɗe a kai ba. Yana da daɗin sawa, yana da kyau na kwana ko ranar ƙarshe, amma yana da tsada, ya fi duk sauran jinkirin bushewa, canza shi a makaranta sai an tuɓe wando gaba ɗaya, kuma yarinya mai tasowa shekara ɗaya ya matse ta. In da hali a sayi ɗaya ko biyu a matsayin ƙari.

In 'yarki jeka-ka-dawo take kuma akwai ruwa daidai gwargwado a gida, ki yi mata mai kashi biyun nan ko ɗinkakke guda 6 zuwa 8, ki ajiye fakiti ɗaya na leda a gefe don ranar jarabawa da tafiya da markar damina, fakiti ɗayan nan zai iya kai ta wata uku. In gidan haya ne mai wahalar ruwa da cunkoso, mai kashi biyun ya fi saboda ƙyallen baya cin ruwa kuma baya tona asiri a igiya. Makarantar kwana kuwa sai an yi hattara, ki je da kanki ki ga metiron ki tambaye ta ina yara suke shanya, ana samun ruwa kullum, ana satar kaya a igiya, don akwai hostal ɗin da yarinya ba za ta iya shanya ko kamfai a waje ba saboda tsokanar siniyoyi, sai ta rataye a kwanarta cikin duhu. In haka wajen yake gara ki raba biyu, na leda na kwanakin farko masu yawan jini, na wanki na kwanakin ƙarshe da dare, ko hakan ya rage rabin kuɗin. Yarinyar da ta fara gani sabo-sabo kuma ki bar ta da na leda wata biyu uku ta fahimci jikinta tukunna, sannan ki zauna da ita ki wanke na farko a gabanta ta gani.

Ko wanne kika zaɓa ki sa ido a kan jinin kansa. In tana jiƙa fad sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko yana wuce kwana 7, ko gudaji manya suna fita, ko tana jiri idonta ya yi fari, ko ciwon mara yana kwantar da ita duk wata, wannan ba maganar canza fad bace, asibiti za ki kai ta a duba jininta. Ciwon mara na yau da kullum ruwan ɗumi a gora a ɗora a mara yana taimakawa, da farasitamol, ibuprofen kuma sai an ci abinci kuma banda mai olsa. A yawaita mata zogale da alayyahu da wake, da hanta in an samu. Wasu yaran ciwon ne yake hana su zuwa aji ba rashin fad ba, sai kin tambaya za ki sani.

Iyaye maza ma dan Allah a karanta musu wannan. Da yawansu ba mugunta bace, basu sani bane, tunda 'ya bata iya buɗe baki uwa kuma tana jin nauyi, alhali a Islamiyya babin haila a Ahalari kowa ya karanta shi maza da mata. Maigida in ya ba da kuɗin ɗinkin nan sau ɗaya ya huta shekara guda ko fiye. Wasu ƙasashen gwamnati ce ta ɗauke nauyin, Kenya ta cire haraji tun 2004 kuma a 2017 ta yi dokar raba fad kyauta ga 'yan matan makarantun gwamnati, Sikotland ta yi dokar bayar da shi kyauta ga duk mai buƙata a 2020. Mu nan an fi tunawa da mu ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, a zo a raba fakiti ɗaiɗai a tafi, ana godiya amma fakiti ɗaya ko wata guda baya kaiwa. Da kuɗin rabon nan za a ba mata teloli na Zariya su ɗinka na wanki, a gyara ƙofar bayin 'yan mata a sa sakata a ajiye duro da buta da sabulu, da an fi ganin canji a rajista. A makarantarmu mu malamai mata muna haɗa ɗan abin da ya samu, akwai kwali a ofis da fad da siket biyu na aro, duk wadda abin ya zo mata ba shiri ta san inda za ta je, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

'Yar yayata bana ta koma makarantar kwana. A akwatinta na sa mata gida 2, ƙyalle 8, fakiti 2 na leda, jakar zif, sabulun sanda, ƙaramin bokiti mai murfi da tsohon mayafina na lulluɓa shanya. Ranar bizitin na ja ta gefe nace ya kayan nan, tace Anti lafiya lau, sai dai ki ƙaro min ƙyalle huɗu, kuma ƙawayena biyu sun ce a tambaya musu nawa telar take ɗinkawa, ɗaya ma Mamanta za ta kira ki.